Kawu, Ka Tsaya Nan

Fatakwal, Sha'aban, 2003

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya girbi a Sandamu? Mu dai lafiya lau.

Kawu Nu'uman, na san kai kake karanta mata. Don Allah ka tsaya nan, ka miƙa wa Yaya Shatu.

Inna, wata uku ke nan farin ruwa yana zubar min, alwala ba ta zama. Na je asibiti na tarar likitan namiji ne, sai na ce masa kaina ke ciwo.

Ki aiko min da bagaruwa da saiwar nan da kike dafawa, kafin azumi. In direba ya tambaya, ki ce kayan kunu ne.

Kawu, in har ka zarce, ranar da na zo gida kada ka ce min ya jiki.

'Yarki,
Amatullah