Kwanon Umma

Unguwar Al-Sih, Madina, 3 ga Shawwal 1404

Zulaiha,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar jarrabawa, ya mutanen gida?

Ga alkaki a kwanon Umma na ba Goggo Azumi ta kawo miki. Takardar nan kuwa, ki karanta ke kaɗai. Shekara uku muna benci ɗaya a sanawiyya, sakandaren nan tamu, kina kwafar lissafina ina cinye miki abincin tara, duk surutuna na kasa faɗa. Yau dai zan faɗa. Ina sonki, kuma ba irin son da nake wa sauran ƴan aji ba. Ranar da kika gyara mini mayafi a bakin ƙofar makaranta, har na isa gida ban san hanyar da na bi ba.

Baba ya ce in zaɓa, kulliya, wato kwaleji, a nan Madina ko can Jidda wajen yayata. Kin san ba a mayar da kwano wayam. Amsar da na tarar a ciki, ita zan bi.

Ki gaida Mama.
Ƙaltume

Al-Sih, 12 ga Shawwal

Zulaiha,

Sallama. Kwana tara, ko kwanon ban gani ba. Umma na ta cigiya, ina ta kare ki. Halas, shi ke nan, na gane. Na rubuta Jidda a takardar shiga, jibi Baba zai kai. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ki yafe mini. Kwanon na Umma ne, ki aiko shi ko babu komai.

Ki huta lafiya.
Ƙaltume

Unguwar Aƙiƙ, Madina, 13 ga Shawwal

Zuwa ga Ƙaltume,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya.

Wallahi ba ki gane komai ba. Tun daren farko na rubuta amsa, abin sakawa a kwanon ne ya gagare ni. Mama ta ce in ɗebi ma'amul ɗinta, biskit ɗin nan mai dabino a ciki, na ƙi. Na rantse sai wanda na yi da hannuna za ki ci. Sau huɗu ina ƙona shi, har ta ɓoye mini dabino. Ga na biyar nan.

Ni ba ni da baki irin naki. Amma na iya lissafi sarai, ya Ƙaltume. Don in matso kusa da ke nake kwafa. Ni ma ina sonki, irin wannan son. Kada ki tafi.

Taki,
Zulaiha

Al-Sih, 14 ga Shawwal

Zulaiha, makira,

Sallama. Na goge Jidda har takardar ta huje, sai da Baba ya karɓo sabuwa yana mita. Madina na rubuta, da manyan baƙaƙe.

Ma'amul ɗinki kamar dutse yake. Na cinye tas, ban ba kowa ba.

Ga kwanon ya komo miki da dabino. Wannan karon ke za ki kawo shi da ƙafarki, gobe da la'asar.

Taki,
Ƙaltume