Akwatin Darata Ya Iso, Saura Na Malama Hadiza

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin da ya nemi karo-karonmu ta intanet don ƙera dara ta kan tebur,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Sunana Ladi, ma'aikaciyar jinya a Springfield, kuma ina cikin waɗanda suka sa hannu tun wasan nan yana zane a takarda. Na rubuto a fili ne saboda saƙonnin da na turo muku kai tsaye ba su samu amsa ba.

Bari in fara da mai daɗin: akwatina ya iso! Na dawo daga asibiti na tarar da shi a bakin ƙofa, ko takalmi ban cire ba na farke shi. Katako sumul, gurabe a jere, 'ya'yan dara masu nauyi a hannu. Mahaifina, wanda ya kawo mana ziyara daga Kafanchan, ya shafa allon yana dariya, wai su a ƙasa suke tona gurabe. Nan take ya zaunar da 'yata Rahila. Ita tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, shi kuwa Baba Turancinsa na gaisuwa ne, don haka tun zuwansa hirarsu ba ta wuce murmushi. Ranar da ta jera uku ta ɗauke masa ɗa, ina kicin na jiyo ihunta: "Kaka, na ci ka!" Da Hausa! Na yar da ludayi na fito da gudu. Wallahi kun yi aiki, Allah ya saka.

To, amma ga ƙorafina.

Na ɗaya, shirunku. Lokacin da kuka yi alkawari ya wuce, watanni suka yi ta shuɗewa, ko layi guda ba ku rubuto ba. Ni kuwa bizar Baba tana ta ƙaratowa, kullum ina fargabar kada ya koma bai ga wasan ba. Da kun ce jirgin ruwa ne ya makara, ko masana'anta ce ta tsaya, ai da mun yi haƙuri.

Na biyu, littafin ƙa'idoji na Hausa. Haruffa masu lanƙwasa duk sun zube wajen bugu: ɗa ya koma da, ƙasa ta koma kasa. Baba ya karanta shafin farko ya ajiye, ya koya wa Rahila wasan da ka.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: Malama Hadiza ta Fort Washington. Ni na ja ra'ayinta ta shiga karo-karon, har yau nata bai zo ba, lambar bin sawun kayan da kuka ba ta ma ba ta aiki. Ran Asabar ta kwaso yaranta suka zo suka buga namu, da ƙyar aka raba su da allon. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Roƙona: ku aika mata akwatinta, ku gyara littafin ku turo mana ko ta waya ne, ku kuma riƙa sanar da mu halin da ake ciki, mai daɗi ko marar daɗi.

Matan cocinmu sun ga hotunan wasan da na ɗauka, sun dame ni da tambayar inda za su saya. Bakina na ƙaiƙayi in tura muku su gaba ɗaya, amma na ce su dakata sai na ji daga gare ku.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya ƙara basira, ya buɗa kasuwa.

Ina sauraro. Wassalam.

Ladi,
Springfield