Farashin Almakashin Da Kai Kaɗai Na Tura Wa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka a inda kake. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har ya koma zama a kujerarsa ta bakin kanta yana yi wa kowa gyara. Inna kullum sai ta tambaye ni ko ka yi ƙiba, kamar ni nake dafa maka abinci. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna maimakon saƙon waya. Ka daure ka karanta har ƙarshe, za ka ga dalili.

Ka san tun da muka ɗora kayan ɗinkin shagonmu a intanet, masu shagon nan da muke kira Jan Tambari suka hana mu sakat. Zare ne, zif ne, allura ce, duk abin da muka sa sai a same shi wurinsu da ɗan rangwame. Teloli kuwa ba ruwansu da sanayya, inda ya fi sauƙi nan suke dannawa. Na gaji da leƙa shafinsu sau ashirin a yini. Sai na zauna na yi ta karatu, kwana huɗu ina fama, har na gane yadda ake sa manhaja ta yi wa mutum gadin farashi. Na ba ta kayansu goma sha biyu da suka yi daidai da namu. Duk rabin awa sai ta leƙa, da zarar farashi ya motsa wayata za ta yi ƙara, ta nuna tsohon, ta nuna sabon, ta nuna lokacin da aka canja. Ranar da ta fara aiki har rawa na taka a tsakanin kwalaye, Baba ya ce in ba zan iya tsayuwa wuri guda ba in fita waje.

Murnar ba ta daɗe ba, kuma lokacin nan da manhajar ke nunawa shi ya tsinka min ita. Ni duk zatona mu muke sa farashi, su gani, su rage. Ashe riga mu suke yi. Ka san dokar Baba: tunda kai kake sayo kaya kana turowa, kuma kai ne babba, ba a taɓa farashi sai an tura maka ran Litinin, ka duba ka ce to, sannan in ɗora ran Laraba. To, Yaya, ran Talata wayar take ƙara. Talata uku a jere, kuma kowane karo suna sauka ƙasa kaɗan da farashin da duniya ba ta gani ba tukuna.

Ka san bakina. Ban tsaya tunani ba na dira kan Dogo, ɗan Goggo, don shi ke ɗaure kayan aika, kuma takardar farashi a kan teburinsa take yini. A gaban wata tela da ta zo karɓar zare na kira shi maci amana, na ce da tsayinsa da komai a gindinmu yake ci yana haƙa mana rami. Sai ya ajiye wuƙar yanka kwali, ya gaya min kwalin da ke kusa da ƙofa ba a sa masa adireshi ba, ya fita. Har yau bai dawo ba, Goggo kuma ta daina amsa gaisuwar Inna. Da Talata ta zagayo, babu Dogo, babu takarda a tebur, wayar ta sake yin ƙara.

Sai na yi abin da ban so yi ba. Babban almakashin nan na yankan yadi, dubu biyar muka tsayar da Baba. Na tura maka dubu huɗu da ɗari uku. Ban rubuta a ko'ina ba, ban faɗa wa kowa ba, kai kaɗai. Ka amsa da to kamar kullum, ko tambayar dalilin ragin ba ka yi ba. Ran Talata ƙarfe goma da rabi, ina cikin jera zif, wayar ta yi ƙara: dubu huɗu da ɗari biyu da hamsin. Na gaya wa kaina wataƙila wani ke leƙa maka waya, shi ya sa ma na koma biro da takarda. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, sai na sa wani abokina ya sayi almakashin guda daga wurinsu. Kwalin yana ƙarƙashin gadona yanzu. An ninka salatif sau biyu a kowace kusurwa, an naɗe bakinsa ciki don a ji daɗin ɓarewa. A gidanmu kaɗai na san ana wannan ɗauri, kuma irinsa ne a kan kwalayen da kake turo mana.

Shekaranjiya kuma wani mutum ya zo daga Jan Tambari, fes da shi, murya ƙasa ƙasa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce suna son sayen kayanmu gaba ɗaya har da shafin, don dattijo ya huta. Yana magana idonsa yana kan kantar sama, inda muke ɓoye almakasan, kuma ya faɗi yawan kwalayen da suka rage bai yi kuskure ko na ɗaya ba. Baba ya ce masa shi ba ya yanke komai sai ya ji ta bakin babban ɗansa. Mutumin ya yi murmushi, ya ce ai hakan ya fi.

Yaya, kai ka goya ni, kai ka saya min littafin farko da na karanta da kaina. In wata matsa ce ta same ka a can, ka faɗa, mu taru mu ɗauka. In kuma akwai bayanin da ban hango ba, ka kawo shi, zan durƙusa in ba ka haƙuri kamar yadda zan je in durƙusa wa Dogo gobe. Ban gaya wa Baba komai ba. Ya ce ran ɗaya ga wata zai kira ka ya ji ko a sayar, kuma ka san abin da ka ce shi zai yi. Zan kasance a tsaye kusa da kujerarsa. In na ji ka ce a sayar, zan ɗauko kwalin nan in ɗora masa a cinya. Shi ya koya maka ɗaurin.

Ka gaida Anti, ka shafa min kan Auta da yayarta. Inna tana sa maka albarka, Baba yana gaishe ka.

Ni ne ƙanenka, wanda ke jiran amsarka kafin wata ya mutu.