Talatin da Ɗaya

Asabar, 4 ga Nuwamba
Likita ya ce sukari ya hau, in riƙa tafiyar ƙasa. Maƙwabciyata Rosnah, da ta bar aikin jinya ta rasa abin yi, ta ja ni Lambun Magabata, na tunawa da waɗanda suka sare daji suka kafa garin nan. Wai wasa ne: wani ya ɓoye akwati, ana binsa mataki uku. Kowane mataki tambaya ce, amsarta lamba, a sa a waya ta nuna wuri na gaba. Na ce abin tsintuwa sai an yi cigiya. Ta ce, "Malama Habsah, mai shi ne ya ce a tsinta! Ki bar littafin fiƙihu a gida yau ɗaya."
Na farko yana ƙarƙashin benci: shekarar da motar farko ta sauke mutane a dajin nan. 1967. Ban ko duba ba.

Litinin, 6
Ruwa tun safe. Na share gida sau biyu.

Talata, 7
Na biyu a tsohuwar rijiya, matakalarta nawa. Tara. A jikin ta taran muka ciro takarda: maza nawa suka sare dajin? Na ce talatin da ɗaya. Rosnah ta ce ba sai an je allon dutse mai sunayensu an ƙirga ba, tunda ban taɓa ƙarya ba. Wayar ta kai mu bayan lambu, cikin lambatun gonar kwakwar manja. Guza ya tsaya yana kallonmu. Matsattsaku biyu a ƙaurin Rosnah. "Magabatan naki a kwata suka zauna?" Ta koma ta ƙirga allon da yatsa. Talatin.
Na san talatin ne. Shekara ashirin ke nan ina bi ta bayan allon don kada in gani.

Laraba, 8
Na talatin da ɗayan shi ne Hashim ɗan Jusoh, Abah ɗina, wato mahaifina. Itace ya faɗo masa ya rasu saura wata huɗu a raba filaye, ina shekara biyu. Masu allon daga rajistar waɗanda aka ba fili suka kwafa, ba mugunta ba ce. Pak Daud, da ya auri Mak, mahaifiyata, ya rene ni, shi ne na sha bakwai a allon. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, Allah ya ji ƙansa. In na yi magana, ai kamar ina cewa bai ishe ni uba ba.
Ko kuwa kunyar kwamitin allon ce kawai nake yi wa suna mai kyau? Astagfirullah.

Alhamis, 9
Rosnah ta zo da ƙunshin shinkafar kwakwa, wai toshiya. "Danna talatin mu ƙarasa, ba rantsuwa a kotu ba ce." Na ce ban iya ba. Ta ce to ita za ta danna, zunubin a kanta, dama tana da su tari. Na yi dariya, sai hawaye. Na gaya mata labarin Abah. Ta ajiye ƙunshin. Can ta ce, "Kuma kika bar ni na ciyar da matsattsaku."

Jumma'a, 10
Na karanta wa Abah Yasin. Hankalina bai zauna ba, sai da na sake daga farko.

Litinin, 13
Rosnah ce ta danna talatin. Akwatin roba ne cikin saiwar babban itacen da masu saran suka bari don inuwa. Mak ta sha faɗa mini a nan aka kwantar da Abah kafin mota ta zo. Mai akwatin ba zai san haka ba. Ko ya sani?
A ciki akwai maɓallai, motar wasa, ɗan littafi da biro. Ƙa'ida in ka ɗauka ka ajiye. Ban ɗauki komai ba. Mai shi ya sa hannu "Tsohon Malami", ya ce yakan zo duba littafin. Rosnah ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe ta miƙo mini biro, ta juya tana faɗa da sauro.
Na kwafe abin da na rubuta a nan, don kada gobe in ce ba ni ba ce:
"Malam, a gafarce ni da na dame ka, ban san ka ba. Amsar tambaya ta uku ta rage mutum ɗaya. Hashim ɗan Jusoh ya sare dajin nan, bai kai rabon fili ba. Ni 'yarsa ce. Ban ce a taɓa allo ba. A dai gyara tambayar."

Alhamis, 16
Kwana uku ina zuwa lambu bayan karin safe. Saboda sukari ne. Yau na bi ta gaban allon, na tsaya, na karanta su duka har Pak Daud, na ƙara ɗaya a bayyane. Mai shara ya waigo. Ban sauke murya ba.
Ba amsa tukuna a littafin akwatin. Na soke "Ban ce a taɓa allo ba", na sa lambar wayata a ƙasa, na ƙara layi ɗaya: Malam, don Allah ka amsa mini da wuri.