Cindon Angona

Mairuwa, daren Talata, daminar 1957

Yau da hantsi na ɗaure wa sabon jikana cindo da zare, ya yi ta tsala ihu. Na ce, "Yi shiru angona, yatsu biyar ma sun ishe ka satar mini goro." Ba wanda ya yi dariya.

Tun ranar haihuwa ɗana Sule bai leƙa ɗakin matarsa Hajo ba. Wai a danginmu babu mai yatsu shida, to ita ina ta samo? Na kamo hannunsa na nuna masa tabon gefen ƙaramin yatsansa, na ce ni na ɗaure nasa ya faɗi. Ya janye hannu. "Inna, tatsuniyoyinki sun ishe ni."

Ya hau keke sai Faskari, da la'asar ya dawo yana washe baki. Wai malamin asibiti ya ce a jikin mutum akwai wasu zaruruwa da ido ba ya gani, rabi na uwa rabi na uba, su ke tsara hanci da yatsu, har da cindo. Shi ke nan ya yarda. Mutumin da bai taɓa yi masa wanka ba!

Ya shigo da tsire, wai a ba shi ɗansa. Hajo ta miƙa masa ba ta ɗago kai ba.

Ɗazu ta tambaye ni ko ruwa ya janye a hanyar Sheme, garin iyayenta. Na ce ya janye.