Alamo a Bakin Magudanar Yaya Casimiro

Litinin, 3 ga Yuni

Na gama taswirar. Duk reshen itacen alamo da aka taɓa busarwa aka ajiye a ɗakin tsirrai na jami'armu, na sa alama a taswirar inda aka tsinko shi. Tun da aka gina madatsar ruwa babu sabon tsiron alamo ko ɗaya a kwarinmu, sai tsofaffin itatuwa. Irin alamo ba ya fita sai a laka bayan ambaliya, madatsar kuma ta hana ambaliya. Rahotona zai ce a rage wa manoma ruwa a sakar wa kogi. Na san abin da nake yi.

Juma'a, 7 ga Yuni

Gida. Farar audugar da alamo ke zubarwa ta rufe tsakar gida, Mama sai shara take tana mita.

Asabar, 8 ga Yuni

Yaya Casimiro ya ji labarin rahotona. Muna cin wake da barkonon gonarsa ya ce, "Eufemia, ci ki ƙoshi, baɗi ganyen alamo za ki dafa." Na ce ai barkononsa ba shi da shekara ɗari kamar alamo. Mama ta ce mu bari sai an ajiye cokula. Bai yi mini sallama ba da zai tafi. Zai huce.

Asabar, 15 ga Yuni

Kwana da kwanaki ina bin bakin kogi. Tsofaffin itatuwa kawai, wasu sun bushe a tsaye. Daidai da lissafina.

Lahadi, 16 ga Yuni

Na yanke ta gonar Yaya don gajarta hanya. A bakin magudanar ban-ruwansa na tarar da ƙananan alamo iya gwiwa, jere har inda ido ya tsaya. Na durƙusa na duba ganyen sau biyu. Su ne. Ashe lakar magudanar ta yi musu abin da ambaliya ke yi.

Ya iso da fartanya. Duk shekara nome su yake yi, wai suna shan ruwansa.

Na ce, "Yaya, bar mini layi ɗaya."

Ya ce, "Da wane ruwa, Malama? Wanda za ki ƙwace?"

Na koma kan ganyen ina dubawa. Shi kuma bai sare su ba.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na matse tsiro guda a takarda, na rubuta sunan gonarsa a ƙasa. Rahoton yana nan yadda yake, shafin ƙarshe kawai na cire in sake dubawa. Gobe akwai taron manoma masu magudana. Yaya ya ce zai biyo ya ɗauke ni, in sa takalmin laka.