Fuskar Malam a Shafin Kirifto

Talata, 9 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma. Ina ofis ni kaɗai, sauran sun fita cin abinci.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya jikin Umma? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonki cewa abokan aikin Malam sun tare shi a makaranta suna masa murna, wai sun gan shi a intanet yana yabon kirifto, kuɗin intanet ɗin nan. Kin tambaya ko aikin maƙiya ne. Yaya, ba maƙiyi ba ne, ni ne. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki nuna masa.

Sati uku da fara aikina aka ba mu gina shafin wani sabon kuɗin intanet. A aikinmu, kafin mai shafi ya kawo hotunansa, mukan cike guraben da na wucin gadi don a ga yadda shafin zai zauna. Akwai gurbin shaidar masu saye. Hoton da na fara gani a wayata shi ne na ranar da aka yaye mu, Malam cikin farar rigarsa yana murmushi. Na yanko fuskarsa na saka, na rubuta a ƙasa: "Malamin makaranta. Na zuba kaɗan, na kwashi da yawa." Har dariya na yi, don na san mijinki ko katin banki sai an lallaɓa shi yake riƙewa.

Na goge shi ranar Laraba, 3 ga wata, ƙarfe 11:05. Ba zato nake ba. Muna da manhajar da ke rubuta duk canjin da aka yi, da sunan wanda ya yi, da lokacin. Muna makaranta takura na ɗauke ta, yau kuwa ita kaɗai na yarda da ita a ofishin nan. Ta nuna an dawo da hoton ranar Alhamis ƙarfe 1:42, da sunana. A wannan lokacin ina sallar azahar, kuma ban kulle kwamfutata ba.

Wanda teburinsa ke kallon nawa shi ne babbanmu a aikin. Darakta ake ce masa, don fim ba ya yankewa a allon kwamfutarsa na biyu. Shi a wurinsa kuɗin takarda sun kusa zama tarihi, kuma duk wanda bai shiga kirifto ba baƙauye ne. Da na tambaye shi, ko abin sauraron da ke kunnensa bai cire ba, sai ya kira ni da sunan zolayar da ya saka mini. "Haba Farfesa! Shafi ai fim ne, fim kuwa fuska ke sayar da shi. Wannan fuskar ko ni sai in ba ta ajiya." Sai ya ga ban yi dariya ba, ya ce wasa yake yi.

Ban ce shi ne ba, tunda ban gani da idona ba. Gobe zan sami Oga, mai kamfanin.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana. Ina kan benci a bakin titi, jakata a cinya.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya yara, ya haƙuri da ni?

Abin da kika rubuto ya kashe mini jiki. Ashe tsohon malamin lissafi na makarantar su Malam ya riga ya yi rajista, yana cewa in dai Malam ya shiga to babu cuta a ciki.

Na sami Oga jiya ƙarfe 9:15. Ya ce mai shafin ya hana a taɓa hoton, don tun da aka saka shi rajista ta ƙaru. Na ce mutumin bai ba da izini ba, kuma maganar ni na ƙirƙira. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, sunan wa ke kan aikin? To ka yi shiru, shi ya fi maka." Ban taɓa gaya masa batun sunan ba, Yaya.

Na koma na bi shafin layi-layi. Lambar da ke nuna yawan masu saye ba ta haɗe da komai, kawai an umarce ta ta ƙara bakwai duk minti goma. Ban ce kowane kirifto ƙarya ba ne, ban karanci duka ba. Wannan dai na ga cikinsa.

Yau ƙarfe 10:16 na cire hoton, na rubuta a gurbinsa cewa shaidar ba ta gaskiya ba ce, kuma da sunana na yi. Rubutun ya yi minti ashirin da uku kafin a sauke shi. Ƙarfe 10:50 aka karɓi katin shigata ofis, aka sallame ni. Darakta ya dakatar da fim ɗinsa ya ce, "Farfesa, kai a fim tun farko ake kashe irinka."

Ki nuna wa Malam duka wasiƙun biyu. Kada ki gaya wa Umma batun aikin tukuna. Gobe ƙarfe takwas zan zo makarantarsu in faɗa wa malaman da bakina. Ki gaishe da yara.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Wanda ya zauna a kujerata ranar Alhamis, 4 ga wata.

Ko an ajiye wani kwafin hoton, a dawo da shi bayan tafiyata.

Mutum nawa suka shiga saboda fuskar Malam, ban da malamin lissafi.

Ko malaman za su yarda da ni, ko za su ce suruki ne yake rufa wa suruki asiri.

Ko Malam zai ce wa mai gadi ya bar ni in shiga.

Ƙaninki,
Auta